Fensirin da Na Manta a Murfin Zarto

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna tambayar ina na shige, ga ni. Ba data ce ta ƙare ba, wayar ma lafiyarta lau. Kunya ce ta riƙe min hannu. Sau huɗu ina fara rubutun nan ina gogewa, don duk ta inda na juya labarin ni ce marar gaskiya a ciki. Yau dai na ce bari in faɗe shi yadda ya faru. Mai zagi ya zaga, wallahi ba zan ce don me ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: 'yar kafinta ce ni, kuma ni ma kafintar ce. A gida Ƙusa ake ce min, wai don ni siririya ce, kuma in na kafe a kan magana sai an sa guduma. Shagonmu a jikin gida yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida, shi ya sa kullum Mama take mitar garin katako har cikin kofin shayinta. Babana kuwa duk layinmu Mai Goma ake kiransa. Shekara talatin da bakwai yana yanka katako, yatsunsa goma cif. In kun taɓa gaisawa da tsofaffin kafintoci kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. In sabon mutum ya tambayi dalilin sunan, sai Baba ya ɗaga hannu biyu ya baje su yana murmushi, ba ya ƙara komai.

Abin da ya fi ji da shi a shagon shi ne zarton lantarki na hannu, mai faifan ƙarfe zagayayye da haƙora. A ƙasan faifan akwai murfi. In ka tura zarton cikin katako murfin yana ja baya da kansa, kana fitowa kuma sifirin ya dawo da shi, ƙas, ya rufe haƙoran. Ina da shekara goma sha biyar Baba ya fara bari na riƙe shi, amma sai da na yi wata biyu ba abin da nake yi sai haddar dokoki. A zare filogi kafin a taɓa faifai. Hannu biyu a kan zarto, ba ɗaya ba. Ba a ɗora katako a cinya a yanka, ko da kuwa ɗan guntu ne. A tsaya a gefe, kada jiki ya yi saiti da faifan, don in ya cije baya yake zabura. Ni kuma da tawa dokar ta daban: bakin mayafi a cusa shi cikin wuyan rigar aiki, a ja zif har sama. Amma babbar cikinsu, wadda in zai faɗe ta sai ya daina murmushi, ita ce ta murfin.

"Ƙusa, murfin nan shi ya bar min yatsuna. Ranar da na ga kin ɗaure shi ko kin tokare shi, ranar kika gama aiki a shagon nan."

Na ce to. Shekara takwas kuma ina kan to ɗin.

Sai ga Ticha. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ya zo a yi masa kantar littattafai. Kanta ce mai falanki huɗu, aikin kwana biyu, amma bawan Allahn nan sai da ya zo "dubawa" sau biyar. A na biyar ɗin Baba ya ce masa, "Malam, kantar ce ba ta yi ba, ko mai yin kantar kake dubawa?" Ina bayan teburin aiki, sai da na durƙusa kamar ina neman wani abu a ƙasa.

Gwaggo, yayar Baba, tun ranar farko ba ta yi na'am da shi ba. Gidanta a bayan namu yake, amma barci kawai take yi a can.

"Malamin makaranta? Kin ga hannunsa kuwa? Ko kwalba ba zai iya buɗe miki ba."

"To Gwaggo, ni ai na iya buɗewa."

"Bakinki ne zai kai ki, marar kunya."

Shi Baba ba ruwansa da laushin hannu. Cewa ya yi duk mai son 'yarsa sai ya san da me take wuni, don kada gobe ya ce ƙarar inji tana damunsa. Don haka Ticha ya fara zuwa duk Asabar, da tsohuwar rigar ƙwallo da wani wando da ya yi masa yawa. Yana da wata ɗabi'a: fensirinsa ta baki biyu yake fiƙe shi, wai in ɗaya ya karye a tsakiyar darasi sai ya juya. Kore ne, kullum yana maƙale a kunnensa. Baba har tsokanarsa yake yi, wai wata rana zai tsokale wa kansa ido.

Asabar ta uku Baba ya ba shi zarton ya riƙe. Allah sarki, sai zufa yake yi. Ya tura a hankali, murfin ya ɗan maƙale a gefen katakon, ya tsaya ya ce, "Baba, wai me zai hana a ɗaure abin nan a huta? Shi ne yake tare hanya."

Tambaya ce kawai irin ta mai koyo. Amma Baba ya karɓe zarton, ya zare filogi, ya yi masa wa'azin da ya kai rabin awa. Gwaggo tana bakin ƙofar tsakar gida tana ji. Ku riƙe wannan, don ita ta riƙe.

Da yamma Ticha ya tafi, ya manta fensirinsa a kan tebur. Baba ma ya fita auna ƙofa a gidan wani. Saura ni kaɗai da saman kabad ɗin kicin da zan huda wa ramin da kwanon wanke-wanke zai zauna. Sai wayata ta yi ƙara.

"Kafintata, me ake yi?"

"Rami zan yanka a tsakiyar katako."

"A tsakiya? Ba daga gefe za ki faro ba?"

"A'a. Daga sama zan sauke faifan."

"Ban yarda ba. Sai na gani da idona."

Ya sa 'yar fuskar dariya guda uku. Jama'a, fuskar dariya uku ce ta kai ni ta baro.

Yadda ake wannan yankan, hannu ɗaya yana riƙe zarton, ɗayan yana ɗage murfin ta ɗan mariƙinsa, a kafa gaban zarton a katako, a sauke faifan sannu a hankali, sannan a saki murfin a kama da hannu biyu. Na iya, na yi ya fi sau ɗari. Amma ni so nake ya ga haƙoran suna nutsewa, kusa-kusa, kuma hannuna biyu ne kacal, ga waya tana son ɗaya. Na taɓa ganin masu rufin kwano a wani gini suna tokare murfin da guntun itace. Na waiga, ba kowa. Fensirin Ticha yana gabana. Na ja murfin sama, na cusa fensirin tsakanin mariƙin da jikin zarton, ya zauna daram. Na riƙe waya da hagu, zarto da dama, na yanka.

Kuma ya yi kyau, abin haushin ke nan. Da ma ya zabura ya tsorata ni. Sai ya shige sumul, na tura masa bidiyon.

"Tabɗi! Na sara miki. Zan kira ki yanzu."

Ya kira. Na zare filogi, na kwantar da zarton a gefensa a kantar ƙarƙashin tebur, na fita tsakar gida ina ta fari da ido kamar yana ganina. Mun fi awa muna magana. Daga nan Mama ta ce in kwashe shanya, daga nan wanka, daga nan na rufe shago ta ciki. Ko sau ɗaya fensirin bai faɗo min a rai ba.

Washegari da safe ina gaban madubi ina gwada sabon ɗankunne, na ji zarton ya tashi. Na ji ya gama yanka. Ina jiran wannan ƙas ɗin da kunnena ya saba da shi, sai na ji wata ƙara daban, kamar an ja ƙarfe a kan tebur da gudu. Sannan muryar Baba, ba ihu ba, salati kawai, a hankali.

Ban san da ɗankunne ɗaya na fito ba sai a asibiti.

Abin da ya faru: ya gama yanka, wani ya yi sallama a ƙofa, Baba ya ajiye zarton a tebur faifan bai gama tsayawa ba. Shekara talatin da bakwai in ya yi haka murfin ya riga ya rufe. Wannan karon haƙoran tsirara suke. Suka kama teburin, zarton ya zaburo baya, hannunsa na hagu kuma yana dafe a nan. Mai walda, maƙwabcinmu, shi ya naɗe hannun da tawul ya sa shi a mota. Ƙaramin yatsan bai tsira ba. Na kusa da shi an ɗinke, likita ya ce zai zauna amma ba lallai ya riƙa lanƙwasuwa ba.

Yanzu zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina zaune a bencin asibiti, Mama tana kuka a kafaɗata, ana ɗinke hannun ubana a ciki, ni kuma abin da nake lissafawa shi ne yadda zan riga kowa komawa shago in zare fensirin. Wannan ce 'yar da Mai Goma ya haifa. Har na miƙe na ce wa Mama bari in je in ɗauko wa Baba wata rigar.

Ban kai ƙofa ba Mai walda ya shigo. Ashe ya koma ya rufe mana shagon. Ya buɗe tafin hannunsa a gaban Gwaggo.

"Ga abin da na ciro. An tokare murfin da shi."

Kore, fiƙaƙƙe ta baki biyu.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La ilaha! Na malamin nan ne! Ba jiya-jiya ya ce a ɗaure a huta ba? Da kunnena na ji!"

Duk suka juyo suna kallona, kallon tausayi, wai saurayina ya nakasa min uba. Kalma huɗu ce kawai, ni ce na sa. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na ji kaina ina cewa, "Bari in ɗauko rigar."

Da rana na samu saƙon Ticha. Ya kira sau shida ban ɗauka ba.

"Na ji abin da ya faru. Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Gwaggo ta kira ni."

Na san ta kira, a gabana ta yi, ta sa a lasifika don kowa ya ji. Ta ce masa mugu, ta ce masa ɗan gayu marar tarbiyya, ta ce in ta sake ganin ƙafarsa a layinmu sai ta tara masa jama'a. Shi kuwa ba abin da yake cewa sai, "Ki yi haƙuri, Gwaggo. Allah ya ba shi lafiya."

Wani saƙon ya shigo.

"Na sake kallon bidiyon. Na ga fensirin."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Kun san me na tura a ƙarshe? Ba "ka yafe min" ba.

"Don Allah ka goge bidiyon."

Ya daɗe yana rubutu, ina ganin ɗigo-ɗigon suna motsi suna tsayawa. Abin da ya zo gajere ne.

"Na goge. Ba zan faɗa ba. Amma ke ya kamata ki faɗa."

"Zan faɗa gobe. Bari jikinsa ya ɗan yi ƙwari."

Gobe ta zo na ce zazzaɓi yake yi. Jibi na ce baƙi sun cika gida. Gaskiya ne kuwa, sun cika, kowa da ledar lemo, kowa sai ya tambayi yadda aka yi, Gwaggo kuma ta zauna a kujerar roba a bakin falo tana ba da labari kamar ita aka ɗauka aikin. Kullum labarin sai ya ƙara tsawo. Kafin kwana huɗu har ta ce ta ga lokacin da yake cusa fensirin. Ni ce nake zagayawa da tire ina ba masu jin labarin ruwa.

Ni ce kuma mai wanke ciwon, don Mama ba ta iya kallo. Kullum da safe zan shimfiɗa tawul a cinyata, in ɗora hannun, in warware bandejin a hankali. Hannun da ya koya min riƙe guduma. Rana ta biyar ina cikin naɗewa ya ce, "Ni ma da laifina, Ƙusa. Ban jira faifan ya tsaya ba. Kuma ban duba murfin ba kafin in kunna."

"Baba, ka daina tunawa."

"Kin san me ya sa ban duba ba? In zarton wani ne, sai na juya shi sau uku. Amma nawa, daga ni sai ke. Me zan duba? Na sha'afa cewa baƙon hannu ya taɓa shi."

Na sunkuyar da kai ina ta neman bakin filasta, alhali yana maƙale a yatsana. Ya sa hannun dama a aljihu ya ciro makullin shago ya ajiye min a kan tawul.

"Aikin mutane yana jira. Ki buɗe gobe. Ke kaɗai na yarda ki taɓa min zarto."

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji kukana. Na fito na wanke fuska, na shafa hoda, na karɓi makullin. Na buɗe shagon kuwa. Tabon da haƙoran suka yi a tebur yana nan, dogo, ya nufo inda mutum yake tsayawa. Na ɗora falanki a kai na rufe shi.

Gwaggo ba ta bar ni na huta ba. Ta shigo ɗakina ba sallama, ta tarar da littattafai uku da ya ara min a kan durowa.

"Har yanzu kayansa suna ɗakin nan? Ki tattara a mayar masa. Mutumin da ko zuwa duba ubanki bai yi ba!"

"Ke kika ce kar ya zo, Gwaggo."

"Au, kare shi kike yi? Yatsan ubanki guda bai ishe ki ba?"

Mama ta leƙo ta ce a hankali, "Yaya, tsautsayi ne, yaron nan ba da gangan ya yi ba." Gwaggo ta ce ai ita ma Mama da sakacinta. Ni dai na sa littattafan a leda na tura ƙarƙashin gado. Da yamma Mama ta zauna kusa da ni tana shafa min baya, ta ce ta san ina sonsa, in yi haƙuri, in ƙura ta lafa za ta yi wa Baba magana ya yafe masa. Na ce to, Mama. Har godiya na yi mata.

Ticha kuwa kullum saƙo ɗaya yake turowa, da safe kafin ya shiga aji. "Yaya jikin Baba?" Ba kafintata, ba fuskar dariya. Rana ta takwas ya ƙara layi ɗaya. Ashe uban wani ɗalibinsa abokin cinikinmu ne, maganar ta kai makaranta, har wani malami ya tambaye shi a ofis wai da gaske ne ya cire wa surukinsa yatsa.

"Ka ƙara min kwana ɗaya. Gobe wallahi."

"Kin ce gobe sau bakwai. Ba zan ci gaba da ɓuya kamar ɓarawo ba. Gobe bayan an tashi makaranta zan zo in ba Baba haƙuri. In kin faɗa kafin nan, to. In ba ki faɗa ba, ni zan ɗauka."

Ina da yini guda cur. Da safe na wanke ciwon, ban faɗa ba. Da rana na kai wa Baba abinci, yana ta fama da cokali yana ba ni labarin wani teburi da ya yi tun ban zo duniya ba, ban faɗa ba. Sai na tsinci kaina ina guga. Na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi baƙi, na shafa turare, kamar wadda za a zo wa hira. Har yau ban gane me nake tunani ba.

Ƙarfe huɗu da rabi Ticha ya yi sallama ta ƙofar titi. Farar riga mai dogon hannu, baƙin wando, takalminsa duk ƙurar alli. Ya rame. Bai kalle ni ba. Gwaggo ta taso da masifa, Baba ya ɗaga mata hannu mai bandejin, ta yi shiru dole. Ya ce a shago zai gan shi. Ya zauna a kan kujerarsa ta katako, Mama da Gwaggo suka tsaya a ƙofar tsakar gida, ni ina bayansu ina leƙe ta kafaɗar Mama.

Ticha ya durƙusa a cikin garin katakon, da farar rigarsa.

"Baba, na zo ne in ba ka haƙuri. Abin da ya same ka, fensirina ne sanadi. Ka yafe min."

Ku lura, bai ce shi ya sa ba. Ko a nan bai yi ƙarya ba.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Fuskarsa ba fushi, gajiya ce kawai.

"Malam, na ji daɗi da ka zo. Zan yafe maka. Amma ni mai koyarwa ne kamar kai, ba na barin kuskure ban gane ta inda ya shigo ba. Kwana tara ina tunani, rabin awa na yi ina yi maka bayani, yaushe ka yi, kuma don me?" Ya miƙe da kansa, ya duba filogin a zare yake, ya ɗora zarton a tebur. Ya ciro fensirin daga aljihun gaban rigarsa. Ashe duk kwanakin nan yana tare da shi. "Nuna min yadda ka yi."

Na kama gefen zanin Mama.

Ticha ya tashi ya karɓi fensirin. Ya tsaya yana kallon zarton. Sai ya kai yatsu ƙasan murfin, dab da haƙoran, zai ja.

"Kai! Cire hannunka daga nan! Ta nan ake ja?"

Ya janye da sauri. Ya zagaya, ya laluba, da ƙyar ya gano mariƙin. Ya ɗage murfin, ya cusa fensirin tsakanin haƙora biyu. Yana saki murfin ya dawo, ƙas, fensirin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka. Ya gwada ta ramukan da iska take shiga injin. Murfin ko gezau, ya rufe abinsa. Ya sake gwadawa ta wancan gefen, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ƙas.

Baba ya dube shi.

"A ina ka sa shi ranar?" Muryar Baba ta yi ƙasa sosai.

"Baba... na manta."

"Ka manta."

Baba ya kalli zarton. Ya kalli falankin da na rufe tabon tebur da shi. Ya kalli saman kabad ɗin da yake jingine a bango, da raminsa a tsakiya, yankan tsaf, wanda ya san ba shi ya yi ba kuma ya san ranar da aka yi. Sannan ya juyo da kansa a hankali zuwa ƙofar tsakar gida. Mama ta matsa gefe ba tare da ta san me ya sa ba, na tsaya a fili.

"Ke. Zo."

Bai ce Ƙusa ba. Na tako.

"Shi bai iya ba. Nuna masa."

Da na tsaya na yi ta lalube kamar shi, wataƙila da na ƙara kwana ɗaya. Na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye muku ba. Amma na gaji. Na karɓi fensirin daga hannun Ticha, babban yatsana ya ja mariƙin, na cusa. Ko daƙiƙa biyu ban yi ba. Murfin ya tsaya a sama, haƙoran suka fito tsirara a gaban kowa.

"Ni ce, Baba. Bidiyo na ɗauka. Hannu ɗaya waya, hannu ɗaya zarto."

Mama ta zauna a ƙasa a inda take. Gwaggo ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Na jira mari. Wallahi so nake Baba ya mare ni, ya zage ni, ya ce in ajiye makulli in fita. Bai ko kalle ni ba. Ya sa hannun dama ya zare fensirin, murfin ya koma, ya goge shi a jikin rigarsa ya miƙa wa mai shi da ladabi, kamar yana ba babban baƙo.

"Malam, kai za ka yafe min. An zage ka a gidana, ina ji ban hana ba."

"Ba komai, Baba."

"Da komai. Ka san ita ce?"

Ticha ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Baba ya koma ya zauna. Ya ɗora hannun mai bandeji a gwiwarsa yana kallonsa.

"Yatsa kam ya tafi, wannan kuskure ne, kowa yana yi. Amma kwana tara tana wanke min hannun nan, tana ji ana cin mutuncinka, tana raba wa masu zaginka ruwa." Ya ɗago ya dubi Ticha. "Zan tambaye ka a gabanta, kuma kada ka ji kunyata. Har yanzu kana sonta?"

A karon farko tun shigowarsa Ticha ya juyo ya kalle ni. Ya kalli rigar da na goge, ya kalli fuskata. Na jira. Mota ta wuce a titi, wata ma ta wuce. Sai ya sunkuya ya fara kakkaɓe garin katako daga gwiwar wandonsa, a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar.

"Baba," ya ce, "ka ba ni lokaci."